Cajin Akwatin Ajiyar Wuta Daga Mota: Yadda Ake Yi Ba a Kashe Batir Ba, Ba a Ƙona Waya Ba

Akwatin ajiyar wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa siteshan, wasu kuma sola janareta, batir ne na litiyam da aka haɗa shi da inbata da caja a gida ɗaya mai hannun ɗauka. Ta hanya uku yake shan caji: wutar gida, faifan sola, da mota. A ta motar aka fi yin ɓarna, don mutane suna ɗauka batirin mota ne ke ba da wutar. Ba shi ba ne. Aikinsa ya juya inji na 'yan daƙiƙu ya huta. Mai samar da wutar ita ce altaneta, ita kuma ba ta aiki sai inji na juyawa. Duk cajin da akwatinka ya sha inji a kashe, daga rabon tada mota aka yanko shi. Batir mai 60Ah (Ah ma'aunin cajin da batir ke riƙewa ne, amfiya sau awa) da aka ja wa amfiya 8 na awa uku ya rasa 24Ah, in ya ɗan kwana biyu kuwa da safe sai turi.

Lissafin da ake buƙata ɗaya ne. Bolt, wanda ake rubutawa da V, shi ne ƙarfin turin wutar. Amfiya, wato A, yawan wutar da ke bi ta cikin waya. In ka ninka su ka sami wat, wato W. Girman cikin akwatin kuma da Wh, wato wat sau awa, ake faɗarsa: akwati mai 1000Wh da ke karɓar 100W sai ya yi awa goma, da ɗan ɗoriya saboda asarar da ke tafiya a zafi. Matsalar mota ita ce bolt ɗinta kaɗan ne, 13.8 zuwa 14.4 in inji na aiki. Kafin ka sami wat mai yawa daga bolt kaɗan sai ka ja amfiya mai yawa, amfiya kuwa ita ke dafa waya.

Lambobi uku da ke jikin akwatin

Kafin ka sayi komai, juya akwatin ka duba kafar da sola da mota ke shiga, ko ka buɗe littafinsa. Za ka ga iyakar bolt, iyakar amfiya, da iyakar wat. EcoFlow Delta 2 mai 1024Wh yana karɓar 11 zuwa 60V, amfiya 15, wat 500. Bluetti AC180 yana karɓar 12 zuwa 60V, amfiya 10, wat 500. Ƙaramin EcoFlow River 2 kuwa 11 zuwa 30V ne, amfiya 8, wat 110.

Iyakar amfiya da ta wat akwatin ne da kansa ke tsare su. Ko ka kawo masa wutar da ta fi haka, abin da yake iyawa zai ɗiba ya bar saura. Iyakar bolt ce ba ta da yafiya. Ka ba mai iyakar 30V wuta mai 48V, na'urar cajin da ke cikinsa na iya ƙonewa nan take, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan.

Ka lura da AC180: an rubuta masa wat 500, amma amfiya 10 sau bolt 13 na mota 130 ne kawai. Ko igiyar jirgin ruwa ka ja masa daga batir ba zai wuce nan ba. Wannan shi ne abin da ke ruɗa masu wayarin da yawa, su yi ta ƙara kaurin waya suna mamakin allon bai motsa ba.

Soket ɗin sigari

Ita ce hanyar da ba ta buƙatar ko sukurdireba, kuma yawancin akwatuna da wayarta suke zuwa. Ka tada mota tukuna, inji ya daidaita, sannan ka soka filogin. Lokacin da sitata ke juyawa bolt yana faɗuwa har wajen 10, sai ya yi tsalle da inji ya kama, babu dalilin da zai sa akwatin ya sha wannan girgizar. In za ka kashe mota kuma, ka fara zare shi. A yawancin motocin Japan soket ɗin yana mutuwa da an zare makulli, amma a wasu na Turai da Amurka yana nan da wuta ko mota na kulle. Gwada taka da cajar waya: zare makulli ka ga ko fitilarta ta mutu, ka sake leƙawa bayan minti goma sha biyar, don wasu sai an jima suke yankewa.

Fiyus ɗin wannan layin yawanci 10A ko 15A ne, a murfin soket ɗin ma sau da yawa an rubuta 120W. Shi ya sa masu ƙera akwatuna suka tsayar da cajin mota a wajen amfiya 8, wato kusan 100W. Tafiyar awa uku, kamar daga Kano zuwa Kaduna, za ta zuba maka wajen 300Wh. Ga ƙaramin akwati mai 256Wh ya cika ke nan. Ga mai 1024Wh bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. In kana da firij na mota da ke jan 45W daga akwatin a lokaci guda, rabin abin da ke shiga yana fita ta ɗaya ƙofar. Haka in ka bar inbatar akwatin a kunne ba ta aikin komai, tana cin nata wat goma zuwa ashirin a banza. Kashe ta.

Raunin wannan hanya yana bakin filogin. An yi soket ɗin ne don ya ja wuta na daƙiƙa goma ya gasa kan sigari, ba don aikin yini ba. Abin da ke haɗa wutar ɗan tsinin ƙarfe ne mai sifirin a baya, da fukafukai biyu a gefe. A hanya mai gargada filogin yana zamewa baya kaɗan-kaɗan, wurin haɗuwar ya ragu, zafi ya taru a tsinin, sifirin ɗin ya saki, robar ta fara laushi. Bayan minti ashirin da fara caji ka zare ka taɓa tsinin da bayan yatsa. Ɗumi ba komai. In bai taɓuwa, ka rage amfiya a manhajar akwatin zuwa 6, in tana da wannan zaɓin, ka kuma leƙa cikin soket ɗin da tocila. Baƙin gawayi ko tsatsa a gindinsa ana goge shi bayan an cire fiyus ɗin layin. Kada ka sa masa reshe mai baki uku ka haɗa da cajar waya da famfon taya. Fiyus in ya tsinke kuma a mayar da mai lamba irin tasa. Wanda ya cire 10A ya sa 25A, ko ya naɗa silin waya a gurbinsa, ya mayar da wayar da ke bayan dashbod ta zama fiyus, ita kuma in za ta tsinke da hayaƙi take tsinkewa.

Direbobin manyan motoci masu 24V, irin su DAF da MAN da Howo, sun fi cin riba a nan. Amfiya 8 sau bolt 27 ya haura 200W a kan waya iri ɗaya, matuƙar akwatin yana karɓar 24V. Sai dai a auna soket ɗin da mitar auna bolt, don wasu kawunan suna da na 12 da na 24 duka. Abin da ba a yi shi ne jan 12V daga ɗaya cikin baturan motar biyu da ake haɗawa su ba da 24V. Wanda ake ja zai riƙa zama da yunwa, ɗan'uwansa ya riƙa shan cajin da ya wuce kima, cikin 'yan watanni a rasa su biyun.

Nawa altaneta za ta iya bayarwa

Kafin ka wuce 100W sai ka san ƙarfin altanetarka. Lambar tana kan takardar da ke manne a jikinta. Ƙananan motoci irin Corolla suna tsakanin 80A da 100A, manya kan kai 130A zuwa 150A. Wannan lambar ta lokacin da inji ke gudu ce kuma altanetar ba ta yi zafi ba. A silo, abin da take bayarwa kan sauka zuwa rabi ko ɗan sama da haka. Ita ma motar tana da nata cin: famfon mai, kwamfutar inji, fitilu, fankar lagireto, iyakwandishan. Da daddare da iyakwandishan a kunne waɗannan kan cinye amfiya 40 zuwa 50.

Gwajin ba shi da wuya. Bar inji ya yi zafi, ka bar shi a silo, ka kunna manyan fitilu da iyakwandishan har ƙarshe, ka ɗora mita a kan kawunan batir. In ka ga 13.5V ko sama, akwai rara. Sai ka kunna cajin akwatin ka zuba wa mitar ido na minti biyar. In ta tsaya sama da 13, lafiya. In tana gangarowa 12.8, 12.6, 12.4, altaneta ta gaza, batirin mota ne ke cike giɓin. Ka ɗan taka totur zuwa juyi 2000. In lambar ta tashi, to cajin naka na kan titi ne, ba na cikin gosulo ba. In fambel ya yi kuka da ka kunna cajin, ya saki ko ya suɗe, a gyara shi tukuna.

A ganinmu kada abin da ka ƙara mata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lambar da ke jikinta. Ga mai 90A, amfiya 30 ke nan, wajen 350W a bakin akwati. Fankar da ke sanyaya altaneta da juyin inji take juyawa, don haka lokacin da ta fi shan wuya shi ne a silo cikin cunkoso da tsakar ranar bazara: aiki ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Diyod ɗinta, ƙananan sassan da ke daidaita wutarta, su ne kan fara mutuwa.

Sababbin motoci da yawa suna da altanetar da kwamfuta ke sarrafawa don rage shan mai. In batir ya cika sai ta sauke bolt zuwa wajen 12.5 ana cikin tafiya, ta ɗaga shi in an saki totur. Wannan ba lalacewa ba ce, amma tana hana duk na'urar da ke jiran ganin 13.3V kafin ta fara aiki. Alamarta ita ce ɗan akwatin na'ura mai siririyar waya a manne da kan batir na baƙin layi, wato mai alamar −.

Tsayar da mota a bar inji na aiki don caji kawai asara ce. Matsakaiciyar mota tana shan tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa a silo, a ba ka 100Wh ta soket. In dole ta sa, a fili za a yi, ba a gareji ko zaure ba, don hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Yadda ake ƙara saurin cajin

Mataki na farko shi ne layi na musamman daga batir, da nasa fiyus, ya ƙare da kan da ya dace da akwatin. Wannan yana kawar da matsalar filogi mai narkewa, amma ba ya ƙara sauri sai in akwatin zai yarda ya ja fiye da amfiya 8. A Delta 2 bambancin yana kan wayar. Kan XT60 mai ƙafa biyu yana tsayar da shi a 8, kan XT60i mai ƙarin ɗan ƙarfe na uku shi ke ba shi damar jan 15, wato wajen 200W. Wannan kan kada ya kuskura ya hau wayar soket ɗin sigari.

Mataki na biyu shi ne kwanbata mai ɗaga bolt. Ƙaramar na'ura ce mai jikin alminiyam da haƙarƙari, waya biyu na shiga, biyu na fita, tana karɓar 12V ta fitar da 24 ko 36 ko 48. Akwatin zai ɗauke ta kamar faifan sola ne. Mai iyakar amfiya 10 da aka ba 48V zai sha 480W, cikin awa biyu da 'yan mintuna ya zuba 1000Wh. Sai dai a ɓangaren mota wannan 480W ɗin, in aka haɗa da asarar kwanbatar, amfiya 40 ne. Ka koma kan gwajin altaneta ka ga ko taka za ta ɗauka. In ba za ta ɗauka ba, 24V ko 36V ya ishe ka. Wasu akwatunan in suka ga bolt ƙasa da wajen 30 sukan ɗauka soket ɗin mota ne su tsaya a amfiya 8, don haka da 24V abin da za ka samu 190W ne.

Dole kwanbatar ta fi ƙarfin abin da akwatin zai nema. Akwati mai jan 15A da aka haɗa da kwanbata mai 10A zai yi ta matsa mata, bolt ɗinta ya faɗi, ta yanke, ta dawo, har ta gaji ta ƙone. Lambobin da ke jikin masu araha kuma da kyar suke kaiwa, ka bar rarar kashi ɗaya cikin uku. Ka auna abin da take fitarwa da mita kafin ta ga akwatin, kuma ka bar tazara tsakaninsa da iyakar akwatin. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mataki na uku shi ne cajar da kamfanonin suka yi musamman don wannan aiki. EcoFlow na da mai 800W da ke cika 1000Wh cikin awa ɗaya da kusan minti ashirin, tana shiga ta kafar ƙarin batir ta dangin Delta, har tana iya mayar da caji daga akwatin zuwa batirin mota. Bluetti na da Charger 1 mai 560W, wadda ake saita bolt ɗin fitarta a manhaja, shi ya sa take aiki da akwatunan wasu kamfanonin. Suna lura da bolt ɗin mota su tsaya in inji ya mutu, kuma da wayarsu da abin yanke wutarsu suke zuwa. Sun fi tsada, sun fi kwanciyar hankali. Amma 800W amfiya 60 ne da ɗoriya, ƙaramar mota ba za ta iya ba. A ta EcoFlow ana rage wat a manhaja, kuma ya kamata a rage.

Waya, fiyus da rile

Asarar bolt a wayar jan ƙarfe ana samunta haka: tsawon zuwa da dawowa a mita, sau amfiya, sau 0.0175, a raba da kaurin wayar a mm². Abin da ake so asarar ta tsaya a wajen rabin bolt. A ce daga batir zuwa but mita 5 ne, zuwa da dawowa 10. Ga amfiya 15, waya mai 6mm² tana zubar da 0.44V, fiyus ɗinta 25A. Ga amfiya 30, mai 10mm², fiyus 40A. Ga amfiya 40 zuwa 45, mai 16mm², fiyus 60A. In aka yi ƙwauro aka sa mai 4mm² wa amfiya 40, bolt 1.75 zai ɓace a hanya, wato wat 70 na zafi kwance a ƙarƙashin kafet. Kwanbata kuma in ta ga bolt ya ragu ƙara jan amfiya take yi don ta cike, zafin ya ƙaru, bolt ya ƙara raguwa.

A kasuwa akwai waya mai kauri da sheƙi da ake sayar wa masu haɗa sifikun mota, wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Kusan kashi biyu cikin uku na aikin ta gaske take yi, kuma tana rubewa a bakin haɗi. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ajiye musu kayansu. A hannu ma ta fi sauƙin nauyi. Araha ba ta ado. Wayar gini mai sili ɗaya ko bakwai ita ma ba ta mota ba ce, girgiza na karya ta. Mai silili da yawa masu laushi ake nema, irin ta masu walda.

Dabarar da ke rage kuɗin waya ita ce a ajiye kwanbatar kusa, ƙarƙashin kujerar gaba inda iska ke ratsawa, ta yadda kaurarar wayar ba za ta wuce mita biyu ba. Daga nan zuwa but wutar ta koma 48V da amfiya 10, waya mai 2.5mm² ta wadatar. Ɗakin inji ya yi mata zafi, kada a sa ta can.

Fiyus wayar yake karewa, ba akwatin ba, shi ya sa wurinsa kusa da kan batir na jan layi, wato mai alamar +, tazarar da ba ta wuce santimita 20 ba. Duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro. In ya goge da ƙarfen mota, batir zai tura ɗaruruwan amfiya ta wurin, wayar ta yi ja kamar garwashi. Nau'in MIDI ko ANL mai ɗaurin noti ake sawa. Baƙin layi kuma, in kan batir ɗin na da waccan na'urar mai auna wuta, kada a ɗaura a kansa kai tsaye, don kwamfuta ba za ta ga abin da ake ja ba. A ɗaura a jikin mota inda wayar batir ɗin ta sauka, a kankare fenti har ƙarfe ya fito.

Kwanbata ba ta san inji ya mutu ba, za ta yi ta ja har batir ya kwanta. Rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, shi ke hana wannan. Ƙafarsa mai lamba 30 tana karɓa daga fiyus, 87 ta tafi kwanbata, 85 ta sauka jikin mota, 86 ta ɗauko siririyar wuta daga akwatin fiyus, daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. Layin rediyo ya dace, don a yawancin motoci yana ɗaukewa lokacin da sitata ke juyawa. Aibinsa shi ne yana da wuta in an murɗa makulli rabi ana sauraron labarai inji a kashe, don haka a sa ɗan makunni a kan wayar 86 inda hannun direba zai kai. Shi ne kuma za ka kashe in ka faɗa gosulo. Ƙaramin baƙin rile na fitila da aka rubuta wa 40A ba zai jure amfiya 40 na awa uku ba, nemi mai 100A wanda aka yi don aikin dogon lokaci. Solanoyid na sitata kuwa minti kaɗan zai yi a kunne naɗinsa ya ƙone. Duk wayar da ka gani mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari ko kujera ta jakar iska ce, ba a taɓa ta.

Wajen ɗaurawa, ka fara kwance baƙin kan batir. Ka bi da wayar ta robar da ke toshe ramin bangon da ya raba inji da cikin mota, ba ta bakin ƙofa ba, ba kuma ta ramin da aka huda aka bar bakinsa tsirara ba. Ka zura ta cikin bututun roba, ka nisanta ta da salansa da fambel da sandar sitiyari da fedar birki, ka ɗaure ta duk bayan santimita 30. Kawunan wayar masu zobe a matse su da abin matsewa na gaske. Wanda aka bubbuga da guduma ko aka murɗe aka naɗe da baƙin tef shi ne zai fara zafi. Ja shi da ƙarfi, in ya motsa a sake. Fiyus shi ne na ƙarshen shiga. Ka mayar da kan batir, ka tada mota, ka auna bakin wayar kafin ka soka: bolt nawa, kuma ina ja ina baƙi. A kan XT60 gefe mai faɗi shi ne +, mai yankakken kusurwa shi ne −, an ma zana su a jikin robar. In mita ta nuna alamar ragi a gaban lambar, an juya. Masu kai mai zagaye su kula da DC7909 da DC8020, a ido kamar tagwaye suke amma tsinin cikinsu ya bambanta. Ka kashe mota ka tabbatar mita ta koma sifili. Bayan rabin awa na caji ka bi kowane haɗi da hannu, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne bai ɗauru ba.

Hanyar inbata

Wasu kan ɗaura inbata a batir su soka wayar cajin gida ta akwatin a ciki. Yana yi, amma ana asara sau biyu, wajen ɗaga wutar zuwa 230V da wajen sauke ta, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a zafi. Babban haɗarin shi ne akwatunan zamani suna ɗibar wutar gida da haɗama. Delta 2 kan ja har 1200W, wanda a ɓangaren mota ya haura amfiya 100. Sai an shiga manhaja an sauke cajin zuwa 200W ko 300W kafin a soka. Inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta gida, don akwatuna da yawa ba sa karɓar ta masu araha. Soket ɗin gida da ke zuwa a wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin Sienna da Highlander, na 120V ne kuma yawanci bai wuce 100W zuwa 150W ba. Akwatin da aka yi don 230V ba zai kula shi ba.

Zafi, ƙura da alamun matsala

Batirin litiyam nau'in LiFePO4 da ke cikin yawancin akwatunan yanzu yana karɓar caji ne tsakanin digiri 0 da wajen 45. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder a watan Afrilu iskar waje kanta tana haura 40, motar da aka kulle a rana kuma cikinta kan wuce 60. Akwatin da ya yini a but zai ƙi caji, allonsa ya nuna alamar zafi, kuma daidai ya yi. A sa shi a ƙasa bayan kujera inda sanyin iyakwandishan ke kaiwa, a bar santimita goma a gefen fankokinsa, kada a jibga masa jaka ko darduma. A ɗaure shi da bel, don Delta 2 kilo 12 ne, AC180 wajen 16, in aka taka birkin gaggawa dutse ne ke tahowa. Lokacin hunturu ƙura na toshe ragar fankar, a riƙa share ta da busasshen buroshi.

In allon ya nuna sifili, fara da fiyus ɗin gilashi da ke ɓoye cikin filogin sigari: ana murɗe hancin filogin a same shi. In wat yana hawa ya faɗi sifili ya sake hawa, bolt ne ke faɗuwa ƙasa da 11 da zarar akwatin ya fara ja, ya saki ya dawo. Ka auna a bakin akwatin yana cikin ja, ka auna a batir, bambancin shi ne abin da waya da haɗe-haɗe suka cinye. In caji na tafiya a kan titi ya tsaya a danja, altaneta ce ba ta kaiwa a silo. In wat ya ragu da akwatin ya doshi cika, haka aka yi shi. Fitilar batir a dashbod in ta kawo ana cikin caji, ka kashe makunnin nan take ka nemi mai wayarin ya auna altanetar.

Kafar 12V da ke fita daga akwatin amfiya 10 ce, sitata kuwa sama da 100 take nema, don haka ba a tada mota da ita, ba a kuma soka ta cikin soket ɗin mota da waya mai kai biyu. In batirin mota ya kwanta, ka soka cajar batir ta gida a soket ɗin 230V na akwatin, ka maƙala ta a kawunan batir, ka ba ta rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ka murɗa makulli.